Baƙin Ƙwaron Garkar Inna Hamsatu

Jiya ɗayanku ya karɓi kwalbar da mai garkar nan ya kawo, ya ɗaga ta wajen taga, ya ce, "Baƙi ne, na wake ne," ya ajiye ta ya koma kan salularsa. Ban tanka ba, don ba na son kunyata ɗan staj mai koyon aiki a gaban manomi. Yau kuwa mu kaɗai ne, sai ku ja kujeru. Ga wani ɗan gilashi a hannuna, irin wanda muke kira lam. Ku karanta abin da ke rubuce a gefensa: Yantala, garkar Hamsatu. A tsakiyarsa akwai ƙwaro guda ɗaya, baƙi, siriri, bai kai tsawon ƙwayar gero ba. Tirips ke nan, abin da na ƙarar da ƙuruciyata da rabin ganina a kansa. Saboda baƙin wannan ƙwaro aka tashi korar wata mata daga garkar da take ciyar da gidanta da ita, kuma aka ce abin da ya fito daga bakina shi zai raba gardama. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun san yadda ake haɗa lam tukuna, in ba haka ba za ku ce nawa ce ta hana ni magana da wuri.

Mahaifina mutumin Maradi ne, gyaran agogo yake yi a unguwar Kalley, nan Yamai, a kan wani ɗan tebur bakin hanya kusa da Babbar Kasuwa. Tun ina lakwal, makarantar boko, nake riƙe masa ƙananan ƙusoshin agogo, don haka hannuna ba ya rawa. Da na gama karatun aikin gona aka turo ni wannan labo, ɗakin binciken nan, na iske Malam Illa, mutumin Tahoua, dogo, marar fara'a, wanda in ka gaishe shi sau biyu a yini ɗaya sai ya tambaye ka ko ba ka da aikin yi. Ranar farko ko kusa da mikiroskof, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, bai bar ni na je ba. Tsinken ashana ya ba ni da ɗigon gam, ya ce in cire gashin idona guda in manna a bakin tsinken. Na ɗauka raini ne, amma na yi. Ya duba ya ce ya karkace, in sake. Kafin ya yarda da guda ɗaya, idona na hagu ya kusa zama fayau, har mahaifiyata ta tambaye ni ko wuta ce ta lashe ni. Da wannan gashin ake juya ƙwaron, da shi ake buɗe masa fiffike. Duk allurar da za ku samu a kasuwa, a wajen tirips taɓarya ce.

Ƙwaron farko da na ɗora a lam na albasa ne, kuma Malam Illa yana tsaye a kaina tun daga farko har ƙarshe. An kaɗo shi daga ganye a kan farin faranti, an ɗauke shi da jiƙaƙƙen pinso, wato ɗan siririn burushi, an jefa shi cikin alkol. Daga nan sai ruwan potas marar ƙarfi, inda zai jiƙa har kayan cikinsa su narke ya zama garau, haske ya iya ratsa shi. Mai haske ba ya daɗewa a ciki, baƙi kuwa sai ya kwana, wani ma ya fi haka. Kana huda shi tsakanin ƙafafun baya, kana danna cikin a hankali har ya fitar da abin da ke ciki. Sai wanki, sai alkol mai sauƙi, sai mai ƙarfi, sai wanda ya fi shi, sai man kanumfari. Shekara da shekaru maiɗakina tana cewa in na shigo gida kamar mai shayi ne ya shigo. Bayan duk wannan ne za ka ɗiga ruwan da zai riƙe shi, ka kwantar da shi rigingine, ka miƙe masa ƙahoni biyu, ka buɗe fikafikai huɗu, ka jera ƙafafu shida, ka rufe shi da gilashi ba tare da ka bar kumfa ba. Nawa na farko, ina rufewa kan ya fita ya yi gefe guda. Malam Illa ya leƙa, ya ce, "Yanka ka yi. Mu nan ba mahauta ba ne." Ya jefa lam ɗin a bokiti, muka sake daga farko.

Wahalar nan duka don ƙirga gashi ake yin ta. Kada ku yi dariya, sana'ar ke nan. Da farko ka dubi wutsiya: in ta ƙare da bututu, dangi ɗaya ne, yawancinsu ba ruwansu da garkar kowa. In macen tana da ɗan zarto a ƙarƙashin ciki wanda take tsaga ganye da shi ta saka ƙwai, to ka shigo cikin masu ɓarna. Sai ka ƙirga gaɓoɓin ƙaho. Na albasa bakwai gare shi. Sai ka sauko kan kafaɗa, wato farantin da ke bayan kai, ka ga inda dogayen gashi suka tsiro. Na albasa a kusurwoyin baya kaɗai yake da su, gabansa a aske. Akwai wani da littafi ke kira Frankliniella, mu a nan ɗan aike muke ce masa saboda shi ke kai cuta daga shuka zuwa shuka. Shi gaɓa takwas gare shi, dogayen gashi gaba da baya, kuma layuka biyu na gashin da ke kan fiffikensa a cike suke tun daga tushe har baki. Na furen wake shi ma takwas ne, shi ma baƙi ne, sai dai ya fi girma kaɗan, akwai ɗan fari a gindin fiffikensa, kuma layin gashinsa na gaba yana tafiya sai ya tsinke kusa da ƙarshe, sannan gashi biyu su biyo baya su kaɗai. Wannan ɗan giɓin shi ne tsakanin ƙwaron da ke zubar da furen wake da ƙwaron da ke kashe garkar tumati.

Launi kuwa, Malam Illa ya hana ni ko ambatonsa har sai na gama duba sauran. Ɗan aiken nan yana zuwa baƙi, yana zuwa ruwan ƙasa, yana zuwa rawaya, kuma duk iri ɗaya ne. Na albasa ma a lokacin ɗari ya fi duhu, da zafi ya yi haske. In na ce masa wannan ya yi kama da wancan, sai ya ce kama da wane ba ta wane, ya tura mini lam ɗin in sake ƙirgawa.

Akwai shekarar da ruwan ɗora ƙwaro da ake aiko mana daga waje ya ƙare, aka yi ta alkawari ba a kawo ba. Malam Illa ya aike ni kasuwa in sayo ƙaro, mai haske, marar datti. Muka jiƙa, muka tace, muka haɗa da magungunan da ke cikin kabad, ya yi aiki, har ya fi wancan sauri. Aibinsa ɗaya, in ba ka toshe gefen gilashin ba, yana bushewa ya tsattsage. Abin toshewar kuwa jan farce ne na mata. Haka na riƙa zuwa wajen wani mai tireda a Kalley ina saye, ni ɗan saurayi ko budurwa ba ni da ita. Ya daure ya daure, ran nan ya ce, "Isufu, wagga yarinya yatsu nawa gare ta?" Har ya rasu bai yarda cewa ƙwari nake yi wa ado ba.

Masu kawo mana aiki kuwa kun fara ganinsu. Akwai masu albasa da ganyenta ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka, akwai masu wake da fure ke zuba ba ɗa, akwai masu furannin ado na bakin titi. Kowa da irin mazubinsa. An kawo mini tirips a kwalin ashana, an kawo a ƙullin leda sun dahu da rana, an kawo cikin kananzir, wata ta kawo a kwalbar turarenta da sauran turaren a ciki. Ba na faɗa da su, domin ba wanda ya koya musu. Abin da suke so ɗaya ne, ka leƙa ka faɗi sunan magani su tafi. In ka ce su dawo, sai su ga kamar kana ja musu rai ne.

Shekarar da nake son ba ku labari, Malam Illa ya riga ya ajiye aiki ya koma Tahoua, ni kaɗai na rage a kan tirips. Da shigowar ɗari, tumatin garkunan Yantala na bakin kogi ya fara lalacewa. Ganye ya yi tabo-tabo kalar tagulla, kan shukar ya lanƙwashe, girma ya tsaya cik, 'ya'yan da suka samu fitowa suka fito da zobba-zobba a jiki. Masu duba cututtukan shuka suka ce cuta ce da ba ta da magani, kuma tirips ke yaɗa ta. Jin haka masu garka suka buɗe furen tumatinsu, suka ga ƙananan baƙaƙen ƙwari suna gudu. Sai aka shiga tambayar wa ya kawo su.

Inna Hamsatu Bazabarma ce, haifaffiyar Yamai, mijinta ya rasu ya bar mata garka a can ƙarshen layi. Filin ba nasu ba ne, aro ne, kuma da yardar ƙungiyar masu garka take zaune a kansa, da injinsu take ban ruwa. Sana'arta dashe. A gidanta na unguwar Dar es Salam take renon irin tumati cikin tsofaffin kwanoni da robobi, in ya yi ƙwari ta kwaso shi a amalanke ta jera a garka, masu buƙata su saya. Ta kuma shuka wake a jikin shingenta don miyar gida. A wannan shekarar dashen nata ya iso garka daidai lokacin da cutar ta ɓarke. Wani ya je ya kaɗa shi a tafin hannu, baƙaƙen ƙwari suka zubo. Magana ta ƙare a wajensu: daga waje ta kawo kaya, kayan na da baƙin ƙwaro, tumatinsu na mutuwa da baƙin ƙwaro.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mumuni, shi ya zo labo da kansa ranar wata Litinin. Kada ku ɗauke shi mugu. Garkarsa ta fi ta kowa girma, ita ta fi lalacewa, kuma shi ne ya hana matasa su afka wa dashen tun ranar farko, ya ce sai an tambayi masu sani. Ya gaya mini abin da suka yanke: bayan sallar Juma'a za su zauna, in ƙwaron nata ne, za a ƙone dashen kuma ta bar filin. Sannan ya ciro wata babbar kwalba daga aljihu ya ajiye a gabana, yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Malam Isufu, mun sauwaƙa maka aiki," in ji shi. "Kowa ya kamo nashi, mun gama su wuri guda, har da nata."

Na dubi kwalbar, ƙwari sun fi a ƙirga suna yawo cikin alkol, raina ya ɓaci. Mutanen nan komai tare suke yi. Man inji gudummawa suke haɗawa, suna ko rasuwa kwano ɗaya suke zubawa, don haka a ganinsu ƙwari ma haka ya kamata a kawo su. Na yi masa bayani cewa ko na gane kowane ƙwaro a ciki, babu wanda zai gaya mini daga garkar wa ya fito, ba su da katin ɗan ƙasa. Yini guda ya tafi a banza ke nan, kuma dole in je in kamo da hannuna.

Washegari da sassafe, kafin rana ta sa su tashi, na bi garkunan ɗaya bayan ɗaya da farin faranti da pinso da ƙananan kwalabe, kowace garka da tata, kowace shuka da tata. Na kaɗa tumati, na kaɗa tattasai, na kaɗa ciyayin da suka bari a bakin kwalbatin ruwa suna fure. A garkar Inna Hamsatu na kaɗa waken shinge daban, dashen kuma na bi shi kwano-kwano. Tana tsaye tana kallona, ta yi mini sannu da aiki. Dashen ya yi kyau ƙwarai, kore shar, ganye a miƙe. Na lura ƙasar kwanonin ta fara bushewa, sai ta ce tun shekaranjiya ba a ba ta layin ruwa ba, da bokiti take ɗebowa daga kogi.

Yanzu ku saurara, nan ne sana'ar take. Cewa "akwai" abu ne mai sauƙi, ƙwaro guda ya isa. A garkar Alhaji lam na farko da na duba ɗan aike ne, na biyu ma shi ne. Baƙaƙen cikin tumatinsu shi ne, rawayen da suke cewa ba su da laifi shi ne, na cikin ciyayin kwalbati kuwa ba a magana, nan ne ma gidansa. Amma cewa "babu" sai ka duba kowa. In na ɗora ashirin daga dashen Inna Hamsatu duka suka zama na wake, na ashirin da ɗaya zai iya zama ɗan aike. Kuma nata duka baƙaƙe ne, sai sun kwana a potas kafin haske ya ratsa fiffiken in ga giɓin nan. Ga kuran, wutar lantarki, ana ɗaukewa, sai na jawo tsohon mikiroskof ɗin Malam Illa mai madubi na kafa shi a bakin taga, ina aiki da hasken rana, in ta karkata in tashi. Wanda ya ce a yi sauri, ya zo ya gaya wa potas.

Ranar Alhamis bayan azahar ta zo labo, karo na farko da ta taka nan. Ta zauna a kan wancan bencin, ta ce da safe ta iske an yanke mata tiyo gida biyu, kuma matar maƙwabcinta da suke cin abinci tare shekara da shekaru ta wuce ta ba gaisuwa. Sannan ta tambaye ni.

"Ɗana, mi ka gani?"

Na ce mata duk wanda na duba zuwa yanzu na wake ne, daga shingenta suka faɗa kan dashen, kuma irinsu ba ya ɗaukar wannan cutar. Na ce saura kwalabe kaɗan, ƙwarin suna cikin potas, gobe kafin sallah zan gama.

"Kana iya rantsuwa gabansu, yau, babu shi cikin kayana?"

"Yau ba zan iya ba, Inna. Gobe."

Ta gyara mayafinta, ta yi mini godiya ta tafi. Na san wasunku za su ce me zai hana in rantse, tun da alama ta riga ta nuna. Da na rantse, gobe kuma ɗan aike guda ya fito daga kwalbar ƙarshe, da na kashe garkunan da za a dasa kayanta a ciki, na kashe sunanta har abada, na kuma kashe maganar duk wanda zai zauna a kujerar nan bayana. Ko yau aka maimaita, amsar da zan ba ta ke nan. Wannan bai hana abin ya yi mini ciwo ba, kuma har yanzu yana yi.

Da hantsin Juma'a na duba lam na ƙarshe. Gaɓa takwas, fari a gindin fiffike, layi ya tsinke, gashi biyu a ƙarshe. Na wake ne, duka na wake ne, ko ɗaya babu ɗan aike. Bayan sallah na ɗaure mikiroskof mai madubin a bayan babur, na nufi Yantala. Tun kafin in kai inda suke taruwa na bi ta ƙarshen layi don in fara yi mata albishir. Na iske kwanonin a kife a jere, an wanke su. A tsakiyar garkar ga tudun toka da guntayen karan da aka yi makamashi da su. Wani mai ban ruwa ya gaya mini jiya da la'asar, tana dawowa daga wajena, ta tuge dashen duka da hannunta, ta tara, ta cinna masa wuta kowa na gani. Wai ta ce iri ana sake shuka shi, amma in aka tashe ta daga filin nan ba ta da wani.

Sun taru a gindin mangwaro, ita tana zaune can gefe a kan juyayyen bokiti. Na kafa mikiroskof a kan tebur inda rana ke sauka, na sa lam biyu, na garkar Alhaji da nata. Na nuna musu inda za su duba, na ce kowa ya zo ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Alhaji ya fara. Ya daɗe yana rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya kafin ya kama abin, sannan ya ce lalle wannan layin a cike yake, wancan kuwa da giɓi. Wasu suka biyo baya, wasu suka ƙi tasowa. Na gaya musu ƙwaron da ke kashe su ba baƙo ba ne, a ciyayin kwalbatinsu yake kwana yake tashi, kuma dashen Inna Hamsatu, da yake a Dar es Salam aka rene shi nesa da kogi, ban samu ko guda a jikinsa ba. Ba wanda ya yi musu. Ba wanda ya dubi inda take zaune.

Alhaji ya tambayi abin yi. Na ce a tuge duk shukar da ta kamu a ƙone, a share ciyayin nan ƙarƙaf, sannan a sake dasawa da dashe mai lafiya tun ɗari bai wuce ba. Ya ce to ai dashen kowa a nan bakin kogi aka rene shi, cikin ƙwarin, ina za a samu mai lafiya yanzu? Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. A nan ne kawuna suka juya wajenta ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya je gabanta, dattijo da shi, ya rage murya.

"Inna Hamsatu, mun yi kuskure, ki yi haƙuri. Garka taki ce, ruwa naki ne. Ko akwai sauran dashe can gida, ko kwano guda?"

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro kwalin ashana, ta miƙa masa.

"Babu, Alhaji. Duka na kawo. Ga ashanarka da na ara jiya, na gode."

Ya karɓa, don ba yadda zai yi. Ya tsaya da ita a hannu, bai sa a aljihu ba.

A shekarar ba a ga tumatin wannan layin a kasuwa ba. Kafin a reni wani iri ya isa dasawa zafi ya shigo, wasu suka juya zuwa yakuwa da kuɓewa, wasu suka tafi neman aikin gini. Inna Hamsatu ta zauna a garkarta har ƙarfinta ya ƙare, ɗiyarta ce ke ciki yanzu, kuma tun daga lokacin ba wanda ya sake kawo mini ƙwarin garka biyu a kwalba ɗaya. Wannan lam ɗin shi ne na ƙarshen da na duba ranar Juma'ar. Jan farcen gefensa ya fara tsagewa, ina sabunta shi duk bayan 'yan shekaru.

Kwalbar jiya tana nan inda aka ajiye ta, mai ita zai dawo jibi, kuma a bayansa akwai garka da maƙwabta. Wataƙila na wake ne kamar yadda aka ce. Ni ban sani ba tukuna. Ga tsinken ashana, ga gam, kowa ya ciro gashin idonsa guda.